Asusun Mamansu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 6:20 na safe

A aljihun teburin kicin na sami wannan littafin. Ba na kanti ba ne. Ragowar shafukan littattafan 'yan mata ne na bara, waɗanda ba su rubuta komai a ciki ba. Mamansu ce ta yayyanke su, ta ɗinke da baƙin zare, ta yi musu bango da kwalin ganyen shayi. Guda uku ta yi, na ɗauki ɗaya. Ni ban saba rubutu ba in ba na shigar kaya da fitarsu a siton da nake aiki ba, amma abin da ke cikina ba ni da wanda zan faɗa wa.

Jiya da la'asar ta tafi gidan Inna, mahaifiyarta. Na ce wa yara jinya ta je. Ba ƙarya na yi ba, yanar da ke idon Inna ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Auta ta yarda, shekararta tara. Babbar kuwa, wadda muke kira Lauya don ba a gama magana da ita, ta dube ni ta ce, "Baba, jinya da babban akwati?"

Na ce ta je ta duba ko ruwan shayi ya tafasa.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 7:30 na yamma

Na ce yau ni zan dafa shinkafa da wake. Na ɗora, na ƙure wutar gas, na dawo falo. Lauya ta shigo kicin ta tsaya kamar ta ga gobara. Ta rage wutar, ta jira tukunyar ta yi tafasa biyu, ta kashe gaba ɗaya. Na ce ai bai nuna ba. Ta jawo wani kwando daga ƙarƙashin tebur, da tsohon bargona a ciki, wanda na ɗauka an yar tun shekara biyar. Ta naɗe tukunyar a ciki kamar jaririya, ta rufe.

Bayan awa ɗaya muka buɗe, tururi na tashi, wake ya yi luguf.

"Haka Mama take yi kullum," in ji ta. "Shi ya sa gas ɗinmu yake kai wata biyu."

Ni a zatona haka gas yake, wata biyu yake yi a kowane gida.

Ba ta kira ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana, a sito

Na kira wayar abokina Dogo sau huɗu. A kashe.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 6:40 na safe

Sabulun wanka ya ƙare, na sayo sabo a kanti na ɓare. Auta ta gani ta ce, "Baba, ai akwai a saman kwaba." Na hau kujera na duba. Dogon sabulu ne an yanka shi gida shida, an jera a kan jarida yana shan iska. Wai in ya bushe ya yi tauri ba ya saurin narkewa. A gefe ga wata tsohuwar safa cike da guntayen sabulu, an ɗaure bakinta, da ita ake wankin kwanuka.

Na jima a tsaye a kan kujerar.

Akwai ranar da abokaina suka zo, ta kawo mana shayi, na ce a gabansu, "Ku sha a hankali, gidan matsoliya kuka zo, ganyen nan sai ya yi zagaye uku." Aka yi dariya. Dogo ya fi kowa dariya. Ita ma ta yi murmushi ta fita. Na ɗauka wasa ne ya wuce.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Na je cefane da safe a kan babur, kasuwar bakin titi. Na dawo da leda uku ina jin kaina. Lauya ta zazzage a tire, ta tambayi nawa na kashe, na faɗa. Ta ce wannan kuɗin cefanen kwana goma ne a hannun Mama, ni kuma abin da na kawo in ya kai Laraba an gode Allah.

Na ce to ita a ina take saya.

"Babbar kasuwa, can bayan gada. Kuma ba da safe ba, sai rana ta yi sanyi, lokacin da masu kayan miya ke son tashi. Ta sayi tumatir ɗin da ya fara laushi, ta dafa a daren, wanda ya rage ta yanka ta shanya."

Na ce bayan gada ai mota biyu ne.

"A ƙasa take zuwa. Dawowa ne take hawa ɗaya, in kayan sun yi nauyi."

Ta wanke ledojin nan uku ta maƙala a igiya. Da can in na ga ledoji a igiyar gidan nan raina ɓaci yake, in ce sai ka ce gidan matsiyata, me maƙwabta za su ce. Yau ni na miƙa mata abin matse shanya.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 5:10 na yamma

Mako ɗaya.

Mamansu ta kira a ƙaramar wayar gida. Ta yi magana da Auta, ta yi da Lauya. Ina falo ina jin rabin hirar. Ta tambaya ko ana tara ruwan ɗaurayar wanki don banɗaki, ko an juye man da aka soya dankali a kwalba, ko Auta tana kashe fitilar baranda. Na jira a ce, "Ga Baba." Lauya ta dube ni, ta saurara, sannan ta ce, "To Mama, sai da safe."

Ba ta tambaye ni ba. Ni ma ban miƙa hannu ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Da aka tashi aiki na biya shagon Dogo. Kwaɗo biyu a ƙofa, ƙura ta rufe dakalin. Mai sayar da fenti na kusa ya ce rabonsa da shi kwana ashirin. Wani ya ce motar kayan an tsare ta a hanya, wani ya ce babu wata mota tun farko. Akwai wani dattijo zaune a kan benci da 'yar jaka a cinya, shi ma jiran Dogo yake. Muka gaisa, ya ce, "Kai ma?" Na ce a'a, wucewa nake yi.

Shekara ashirin muna tare da Dogo. Ya san sunan kowa a gidana.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe, a sito

Yau ce ranar da asibiti suka ba Inna ta aikin ido. Da yanzu an shiga da ita.

Garin neman gira an rasa ido. Ni na je neman girar, idon kuma na Inna ne.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

An yi ƙidayar kaya a sito. Buhunan siminti, kwanon rufi, kwalayen ƙusa, komai ya cika cif. Manaja ya dafa kafaɗata a gaban leburori ya ce, "Shekara goma sha huɗu mutumin nan yana riƙe da makulli, ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Ku yi koyi." Suka tafa.

Na shiga banɗaki na wanke fuska na daɗe.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Ina gugar farar rigata ta aiki na lura ɗinkin wuyan ba irin na kamfani ba ne. Na juya. Ashe wuyan ya taɓa cinyewa, ta farke shi ta juya cikin ya koma waje, ta mayar ta ɗinke. Na duba sauran. Uku haka suke. Ni kuwa ina yawo ina cewa rigunana ba sa tsufa saboda na iya zaɓen yadi.

Da muna shan shayi Auta ta zuba min madara, ta zuba wa kanta, ta ce, "Mama dai ba ta son madara." Lauya ta ajiye kofi.

"Wa ya faɗa miki? Ranar da muka je gidan Kawu kofi biyu ta sha, har da lashe cokali."

Auta ta ce to me ya sa take cewa ba ta so. Na tashi na ce zan duba babur.

Ba ta kira ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 7:45 na yamma

Lauya ta bari sai da Auta ta shiga wanka, ta zo ta ajiye wata leda a gabana. Ta ce a bayan buhun gawayi ta gani, inda na tura. Fasassun katakon asusu ne, da takardu a nannaɗe. Ta ɗauki ɗaya ta warware. Tsohon rasit ne na sitonmu, da hatimi, da sa hannuna a ƙasa.

Ta ce, "Baba, ban faɗa wa kowa ba. Amma ina so in ji daga bakinka."

Kwana goma sha biyar ina kewaye maganar nan a littafin nan. Bari in rubuta yadda na faɗa mata.

Shekara huɗu Mamansu tana tara kuɗin aikin idon Inna a asusun katako da kafinta ya buga mata, mai 'yar kafa a sama. Daga kuɗin cefanen da nake ba ta take tsakura, ba ta da wata sana'a. Na san inda take ajiye shi. Wata uku da suka wuce Dogo ya zo min da maganar kayan gini masu araha, ya ce mako shida kuɗi zai dawo ninki biyu. Ranar da ta kai Auta asibitin haƙori na dawo gida da rana, na ɓamɓare gindin asusun, na kwashe. Na ce a raina aro ne, zan mayar har da ƙari, ta yi mamaki. Don kada ta ɗaga ta ji ba nauyi, na nannaɗe tsofaffin rasit na cusa, na mayar da ƙusoshin.

Wata uku tana ci gaba da zura kuɗi a kan takarda.

Ranar Lahadin da ta tafi, ta kira ni ɗaki tana fara'a, ta ba ni guduma ta ce ni zan fasa, don albarkar hannun maigida. Na karɓa na fasa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tsince 'yan kuɗin wata ukun nan daga cikin takardun, ta ɗauki rasit ɗaya ta karanta, ta ajiye. Sannan ta jawo akwati.

Da na gama Lauya ta ce, "Aro ai sai an tambaya, Baba."

Na ce haka ne.

Ta kwashe ledar ta mayar inda ta gan ta.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Lauya ta gaishe ni kamar kullum, ta kawo min shayi. Idonta na kan kofin.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana, a sito

Albashi sai ƙarshen wata, kuma ko duka na ba da ba zai kai rabin abin da na kwashe ba. Na duba abin da na mallaka a duniya wanda nawa ne ni kaɗai. Agogo, waya, babur.

Na daina sayen abincin rana a bakin sito. Lauya tana zuba min ragowar na dare a kwano. Leburori suna tsokanata wai maigida ya shiga makarantar tsimi. Na yi dariya tare da su. Na lissafa abin da nake kashewa a abincin rana da lemon kwalba a wata guda, sai na ga ya fi kuɗin madarar gidanmu nesa ba kusa ba. Ban taɓa lissafawa ba sai yau.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 2:20 na rana

Na sayar da babur. Mai gyaran da ke kula min da shi ne ya saya, bai matse ni sosai ba. Ya tambaya ko lafiya, na ce likita ne ya ce in riƙa tafiya a ƙasa. Har yanzu bakina bai daina ƙarya ba.

Na dawo gida da ƙafa. Minti hamsin. Akwai wani gini mai hawa uku a layinmu da ban taɓa lura an gama shi ba.

Auta ta yi kuka don babur. Lauya ta kalli ambulan ɗin da ke aljihuna, ta je ta ɗebo min ruwa.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 6:15 na yamma

Na je gidan Inna.

Na shirya maganata tun a mota: ga kuɗi, a koma asibiti a karɓi sabuwar rana. Ina shiga na tarar da Inna a kan katifa a falo, idonta na dama a rufe da auduga da filasta. An yi aikin shekaranjiya. Babban Yaya, wan Mamansu, shi ya biya.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Kai ne? Ka kyauta da ka bar min ita ta kwana biyu. Yaran fa, suna cin abinci?" Muryarta ba komai a ciki. Ba ta sani ba.

Mamansu tana bayan gida tana wanki. Ta rame. Ta amsa sallamata ba ta ɗago ba. Na tsuguna na ajiye ambulan a kan bokitin da ta kife, na ce na sayar da babur.

Ta ci gaba da cuɗa zanen Inna. Can ta ce, "Baban yara, kana ganin kuɗi ka ɗauka?"

Ba ta jira amsata ba.

"Da kuɗi ne da na haƙura tun ranar. Abin da ke cikin asusun nan tafiyata ce zuwa bayan gada. Takalmin da ban saya ba ne. Bikin ƙawata da na ce ba ni da lafiya don ba ni da abin sawa. Kowace takarda na san ranar da na zura ta. Ka kwashe shekara huɗu ka ba Dogo, ka bar ni ina jijjiga rasit ina godiya ga Allah."

Na ce na yi kuskure.

"Kuskure shi ne ka zuba gishiri a shayi."

Ta matse zanen ta jefa a ruwan ɗauraya. Ta ce ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce wa Yaya kuɗin ne bai kai ba. Shi kuma ya yi mata faɗa a gaban matarsa, wai shekara huɗu tana hana shi sa hannu, tana cewa ita za ta yi wa Inna, ashe cika baki ne, ta bar tsohuwa cikin duhu a banza.

"Na rufa maka asiri, ni na kwana a waje. Ɗauki ambulan ɗinka, akwai ido na biyu, ka kai asibiti da kanka. Amma sunana da ya ɓaci a wurin Yaya, ba babur zai gyara shi ba."

Na gane abin da take nufi. Na tashi na yi wa Inna sallama. A bakin ƙofa na haɗu da Babban Yaya yana shigowa da ledar magani. Ya ba ni hannu, ya tambayi aiki. Na ce lafiya lau. Na wuce.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 6:00 na safe

Ina fita da wuri yanzu don in kai sito a kan lokaci. Tafiya tana ba mutum damar tunani fiye da yadda yake so.

Tun da na auri ƙanwarsa, Babban Yaya bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Amintacce. Makullin gidansa ni yake bar wa in zai yi tafiya.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Na kai har bakin garejin da Babban Yaya yake gyaran motoci na juyo.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 7:00 na yamma

Na koma.

Yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na ce ina da magana. Ya ce in faɗa yana ji. Na ga hakan ya fi min sauƙi, sai na tsuguna na faɗa wa ƙafafun. Ban rage komai ba, har rasit, har guduma. Ban ce aro ba. Na ce na sace.

Ƙarar sifana ta tsaya. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya zauna a ƙasa yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Ita ta turo ka?"

Na ce ba ta ce in zo ba, amma ta nuna min hanya.

"Na zage ta a gaban matata." Ya faɗa sau biyu. Ba ni yake kallo ba.

Na jira ya zage ni ko ya kore ni. Abin da ya ce kawai shi ne kada Inna ta ji, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Na miƙa masa ambulan na ce ya cire abin da ya kashe. Ya ce uwarsa ya yi wa, ba bashi ya ba ni ba, in kai asibiti kamar yadda ta ce. Ya tashi ya wanke hannu da garin sabulu, ya cire rigar aiki, ya rufe garejin tun lokacin tashi bai yi ba. Na san inda za shi.

Da zai hau mota ya ce, "Sai anjima." Bai ƙara komai a kai ba. Wancan sunan, Amintacce, ya tafi, kuma ni na kai shi.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Na nemi izinin awa biyu na je asibiti na biya na ido na biyu. Sun ba da rana, mako biyar nan gaba. Ɗan abin da ya rage na sayi maganin ɗigawa na wata guda. Na kai rasit ɗin gidan Inna na ba Mamansu a hannu. Ta karanta har ƙasa, ta duba hatimin, ta ninke ta sa a jaka.

An cire wa Inna auduga. Ta kama fuskata ta juya ta wajen taga, ta ce, "Ashe ka yi furfura haka? Ni na bar ka da baƙin gashi." Ta yi ta dariya. Ta ce abin da ya fi ba ta mamaki shi ne dattin labulenta, wai shekara nawa ana barinta da shi ba wanda ya faɗa.

Na faɗa wa Lauya na je wurin Kawunta. Ta ce, "Ka faɗa masa duka?" Na ce duka. Ta gyaɗa kai. Da za ta fita ta ce gobe za ta koya min yadda ake yanka bututun man goge baki, akwai na kwana biyar a ciki bayan an ce ya ƙare.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Ta kira. Bayan yara ta ce a ba ni. Ta ce matar Yaya za ta karɓi jinya daga Talata. Shi ke nan abin da ta ce.

Talata, 1 ga sabon wata, ƙarfe 7:20 na yamma

Na dawo daga aiki na tarar da takalmin Mamansu a bakin ƙofa.

Auta na manne da ita. Ta riga ta zaga gidan, ta ce mun bar albasa a leda ta fara tsiro, an kuma yi wanki da garin sabulu kamar ana zubar da shi. Ta amsa gaisuwata. Bayan an ci abinci ta tura yara ɗaki, ta ce in zauna.

Ta ce abu biyu ne. Na farko, gobe za ta buɗe ajiya a banki da sunanta ita kaɗai, kuma ba za ta faɗa min abin da ke ciki ba. Na ce daidai ne.

"Na biyu, shekara goma sha takwas ina tsimi a cikin duhu. Kana miƙo min kuɗin cefane, ban san daga nawa aka cire ba. Nawa ne albashinka?"

Ba ta taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Ubana bai faɗa wa uwata ba, na ɗauka haka ake zama. Jiya aka biya mu, takardar tana aljihuna. Na ciro na ba ta.

Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta juya bayan takardar ko akwai ci gaba.

"Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

"Da wannan kake saya wa abokai lemo, kana ce min matsoliya?"

Na ce da shi.

Ta rufe baki da gefen mayafi. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta ƙwace mata, gajeriya, ba ta so ta fito ba. Ta ce ita duk shekarun nan tana zaton ina samun ninki biyun haka ina ɓoye mata, har tana jin haushina a ranta. Na ce ni kuma kunya nake ji ta san iyakata.

Ta mayar da ido kan takardar. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma tambaya ba. Ta matsar da kofunan shayi gefe, ta shimfiɗa takardar a tsakiyar tebur, ta goge ta da tafin hannu.

"Matso da kujerarka," in ji ta. "Fara da kuɗin haya."